Idan Sumon Gida Ya Mutu: Yadda Za Mu Haɗa Kuɗin Sabo Ba Tare da Rigima Ba

Iyayena da yayyena mata, wannan babi a kan kayan tarayya yake, wato kayan da mutane da yawa ke amfani da shi tare amma babu mai cewa nasa ne shi kaɗai. Na ɗauki injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, wanda muka fi sani da sumo, domin a wuraren taronmu shi ne abin da aka fi kawo mini ƙorafi a kansa. Gida ɗaya, sassa bakwai ko takwas, rijiya ɗaya, tanki ɗaya. Ranar da injin ya tsaya, mu mata ne muke fara ji a jikinmu, don mu ne da girki da wanki da wankan yara. Lissafin da zan kawo zai yi aiki ko da injin niƙa ne na ƙungiya, ko firiza, ko tukunyar turara shinkafa.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A birnin New York na Amurka akwai gidajen bene na haɗin gwiwa, inda kowane mazauni ke da hannun jari a ginin gaba ɗaya. Su abin da ke tayar musu da hankali shi ne tukunyar da ke ɗumama ɗakuna da ruwa, domin dokar birnin ta wajabta ɗumama gidaje daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Idan tukunyar ta mutu, hanyoyi uku suke bi: su taɓa asusun da suka daɗe suna tarawa, ko su yi karo-karo gwargwadon hannun jarin kowa, ko su ci bashi. Hanyoyin nan uku su ne a gabanmu mu ma, sai dai kuɗin ya bambanta.

Zama babu inji ma kashe kuɗi ne

Sau da yawa idan sumo ya mutu sai a ce a bari sai an samu hali. To bari mu lissafa kuɗin jiran. Duk alƙaluman da ke cikin wannan babi misali ne don koyon lissafi, ku sa farashin unguwarku a madadinsu.

A ce gida ne mai sassa 8 da mutum 48, manya da yara. Idan kowane mutum ya yi amfani da lita 20 a rana, wanda shi ne ɗan abin da zai ishi sha da girki da tsafta daidai gwargwado, gidan na buƙatar lita 960. Jarkar 'yan garuwa lita 25 take ci, kun ga jarka 39 ke nan kullum. Idan jarka naira 100 ce, kuɗin ruwan rana ɗaya ya kama naira 3,900, na wata guda naira 117,000, na wata uku naira 351,000. Ko an cire kuɗin wuta ko man da inji zai sha a wannan lokaci, abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Dalilin da ya sa ba ma ganinsa shi ne yana fita ɗari biyu yau, ɗari biyar gobe, kuma yawanci daga kuɗin cefane ko daga jarin matar gida yake fita. Ku kai wannan lissafi gaban masu gida a rubuce. Wanda ya ga alƙalamin da idonsa ya fi saurin yarda a zauna.

A tabbatar ya mutu tukuna

Ba duk tsayawar inji ce mutuwa ba. Kafin a yi maganar sabo, a kira mai gyara ya duba abubuwan da ke sama, waɗanda ba sa buƙatar a zaro inji daga rami. Kafasita da ke cikin akwatin wutar inji tana ƙonewa, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na inji ba. Waya na iya yankewa, ko ruwa ya shiga mahaɗarta. A watannin Maris zuwa Mayu kuma ruwan ƙasa kan ja baya, sai inji ya riƙa kawo ruwa kaɗan-kaɗan ko ya riƙa yankewa, alhali lafiyarsa ƙalau.

Idan an tabbatar injin ne, a tambayi mai gyara abin da ya kashe shi, don kada sabon ya bi sahun tsohon. Abubuwa uku ne suka fi yawa. Na farko wuta mai rauni ko mai hawa da sauka. Na biyu aiki babu ruwa: shi sumo ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi, idan rijiya ta zuƙe yana ci gaba da juyawa sai ya yi zafi ya ƙone. Na uku yashi, wanda ke cinye kayan cikinsa a hankali.

Wani lokaci ana iya sake naɗa wayar cikin inji ya tashi. Shawarata a nan ita ce, idan kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin sabo, kuma injin ya riga ya yi shekaru ko an taɓa naɗa shi, a haƙura a nemi sabo. Ku tuna duk lokacin da aka zaro inji aka mayar, kuɗin aiki ake biya. Sannan idan mai gyaran da ya ce inji ya mutu shi ne kuma zai sayar muku da sabo, ku nemi wani ya ƙara dubawa. Ba zargi ba ne, haka tsarin kuɗin jama'a yake.

Kuɗin sabo ba kuɗin inji kaɗai ba ne

Rigima kan tashi idan aka tara kuɗin inji kawai, ana tsakiyar aiki a dawo a ce kowa ya ƙaro. Karo na biyu ya fi na farko wuya, domin mutane sun riga sun sa a ransu an gama. Don haka a rubuta komai tun farko. Ga misali:

- Inji: naira 200,000
- Akwatin wuta da waya: naira 70,000
- Kuɗin aiki, zaro tsoho da saka sabo: naira 40,000
- Igiya, mahaɗan bututu da kuɗin mota: naira 20,000
- Na ko-ta-kwana: naira 30,000

Jimilla naira 360,000. Na ko-ta-kwanan nan kusan kashi 10 cikin ɗari ne na sauran. Idan ba a taɓa shi ba, ya zama tushen asusun gaba.

A nemo farashi a rubuce daga shaguna uku, kuma a kwatanta inji iri ɗaya da ƙarfi ɗaya. Ƙarfin inji da doki ake auna shi, za ku ji ana cewa doki ɗaya ko doki ɗaya da rabi. Kada a ce tunda za a saya bari a sayi babba. Inji mai ƙarfin da ya fi ruwan rijiya zai zuƙe ta cikin ɗan lokaci, ya koma aiki a bushe. Zurfin rami, yawan ruwan da yake bayarwa da tsawon tanki su ne ke nuna injin da ya dace. Idan takardar mai haƙa rijiyar na nan a fito da ita, in babu a duba rubutun jikin tsohon inji.

Akwai masu cewa a koma sola gaba ɗaya, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama nauyi. Magana ce mai kyau, amma kuɗin farko ya fi yawa. A sa farashin biyu gefe da gefe, a haɗa da kuɗin mai ko wuta na shekara biyu, sannan a yanke.

Na wa ne injin?

Wannan tambaya a amsa ta kafin kowa ya ciro ko kwabo. Idan gidan haya ne, rijiya da inji suna cikin dukiyar mai gida, ɗan haya zai tashi ya bar su. To idan 'yan haya ne za su biya, a zauna da mai gida ko wakilinsa a rubuta ko za a cire kuɗin daga haya, da kuma a wata nawa za a cire. A sa hannu, a sa shaidu. Alkawarin baki kan ɓace idan lokacin sabunta haya ya zo.

Idan gidan gado ne ko gidan da kowa ya mallaki sashensa, injin na kowa ne. A nan sai a duba magadan da ke zaune a wani gari suna karɓar hayar sashensu. Su ma suna da rabo a kuɗin, tunda sashe mai ruwa ya fi wanda babu ruwa daraja.

Yadda za a raba kuɗin

Nan ne zuciya ke ɓaci, don haka mu bi a hankali. A gidan misalinmu, sashe ɗaya mutum 10 ne, biyu mutum 8-8, biyu mutum 6-6, biyu mutum 4-4, ɗaya kuma mata da miji ne kawai, mutum 2.

Hanya ta farko a raba daidai. Naira 360,000 a kasa 8, kowane sashe naira 45,000. Lissafin ba wuya, amma amarya da angonta za su ce yaya za su biya daidai da mai mutum 10. Kuma suna da gaskiya.

Hanya ta biyu a raba bisa kai. Naira 360,000 a kasa 48, kowane mutum naira 7,500. Mai mutum 10 zai biya naira 75,000, mai mutum 2 naira 15,000. A nan mai iyali da yawa zai ce rabin mutanensa yara ne ƙanana, kuma inji zai yi shekaru, wanda ke da mutum 2 yau ba zai tsaya a 2 ba. Shi ma yana da gaskiya.

Hanya ta uku ita na fi ba da shawara a kai, domin ta ɗauki gaskiyar ɓangarorin biyu. A raba kuɗin gida biyu. Rabin farko, naira 180,000, a kasa daidai, kowane sashe naira 22,500, saboda kowa yana morar samun ruwa a ƙofar ɗakinsa. Rabi na biyu a kasa bisa kai, naira 3,750 kowane mutum, saboda mai shan ruwa da yawa shi ya fi gajiyar da inji. Ga yadda zai kasance:

- Mai mutum 10: naira 60,000
- Mai mutum 8: naira 52,500
- Mai mutum 6: naira 45,000
- Mai mutum 4: naira 37,500
- Mai mutum 2: naira 30,000

Idan kun haɗa na sassa takwas ɗin za ku samu naira 360,000 cif. Ku sa masu ƙidayar kuɗi su maimaita lissafin a gaban kowa, kamar yadda muke yi a taron ajiya.

Sai masu sana'a da ruwan gida: mai ƙanƙara, mai kunun sayarwa, mai wankau, mai kiwon shanu ko tumaki. Da yawanmu muna cikinsu, kuma adalci ne mu ƙara wani abu. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga sana'ar a matsayin ƙarin kai biyu ko uku, gwargwadon abin da aka yarda. Gara mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa da gori.

Abu mafi muhimmanci, a yarda da hanyar rabo tun inji na aiki. Idan an bari sai ya mutu, kowa zai zaɓi hanyar da ta fi masa sauƙi ne kawai.

Hanya ta ɗaya: asusun sauya kaya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane inji yana da ranar mutuwa, kuma kullum aka kunna shi ana matso da ita. Asusun sauya kaya shi ne biyan kuɗin wannan tsufa kaɗan-kaɗan.

A ce mun ƙiyasta inji zai yi shekara 5, wato wata 60. Ƙiyasi ne kawai, zai iya wucewa, zai iya gazawa. Naira 360,000 a kasa 60 ya kama naira 6,000 a wata ga gida duka. Da rabonmu na uku, mai mutum 10 zai ba da naira 1,000 a wata, mai mutum 8 naira 875, mai mutum 6 naira 750, mai mutum 4 naira 625, mai mutum 2 naira 500. Ku kwatanta naira 1,000 a wata da naira 60,000 a rana ɗaya, kun ga bambancin.

Sai dai farashi ba ya tsayawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma yawancin injunan nan daga waje ake shigo da su, suna bin canjin dala. Don haka duk wata shida a tura mutum biyu kasuwa su ji farashi, a gyara abin da ake bayarwa. Ko asusun bai kai kuɗin sabo ba ranar da aka buƙace shi, ya rage nauyi. Idan akwai naira 120,000 a ciki, saura naira 240,000, kowa zai biya kashi biyu cikin uku na rabonsa ke nan: mai naira 45,000 ya koma naira 30,000.

Idan maƙwabta na ɗibar ruwa a gidan, ana iya sa ɗan kuɗi kan jarka a zuba a wannan asusu, muddin rijiyar na da ruwan da zai isa. A sa littafi, a sa mai kula.

Hanya ta biyu: karo-karo

Idan babu asusu ko bai isa ba, sai karo-karo. A sa rana, kada a bar shi a buɗe. Ana iya biya kashi uku cikin mako shida, amma a sani duk makon da aka ƙara, kuɗin garuwa na ci gaba da fita. Kowa ya biya a rubuta a littafi a gabansa, a ba shi 'yar takarda. A duk zama a karanta jimillar abin da aka tara da abin da ya rage. Kada a sayi komai sai kuɗin ya cika, ko kuma an san takamaimai inda cikon zai fito. Tsohon injin kuma a ajiye shi, akwai tagulla a cikinsa, 'yan gwangwan na saye. Kuɗin ya koma asusu, ba aljihun mai gyara ba, sai dai in an yi ciniki da shi a fili an cire daga kuɗin aikinsa.

Hanya ta uku: rance daga ƙungiya

Tsarin ajiyar da muke bi ya samo asali daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar a 1991, kuma ƙa'idojinsa sun daɗe ana gwada su. Ɗaya daga ciki ita ce mamba ba ta rancen abin da ya haura ninki uku na ajiyarta. Idan rabon sashenki naira 45,000 ne, sai kina da ajiyar naira 15,000 kafin ki ranta. Idan ƙungiyarku na karɓar kuɗin hidima kashi 5 cikin ɗari a wata kan asalin rancen, wata uku zai kama naira 6,750, za ki mayar da naira 51,750. Ƙungiyoyi da yawa a wajenmu ba sa ɗora komai a kan rance don gudun riba, wasu kuma ƙungiyar ce ke sayen kayan ta sayar wa mamba da ribar da aka sani tun farko, ta biya a hankali. Ku bi abin da kundin ƙungiyarku ya ce.

Ga gargaɗi uku da nake so ku riƙe da kyau.

Na farko, kada mace ɗaya ta ranto kuɗin gida duka da sunanta, wai sauran za su biya ta daga baya. Na ga inda hakan ya raba zumunci. A littafin ƙungiya sunanta ne kaɗai a rubuce, ƙungiya ba ta san mijin wance ko ƙanin wane ba. Idan biyu suka saɓa alkawari, ajiyarta ce za a cire ranar rabo. Kowace ta ranci rabon sashenta kawai. Idan kuma maigida ne ya ce ki ranto zai biya, ku yi maganar ranar biya da adadin kowane mako kafin ki ɗaga hannu a taro.

Na biyu, ku duba ƙarfin akwati. Ƙungiya mai mata 25, hannu ɗaya naira 500, idan kowace na sayen hannu uku a mako, naira 37,500 ke shiga. Rancen naira 360,000 zai kwashe ajiyar kusan mako goma, masu neman jarin ƙuli-ƙuli da ɗinki su rasa. Sannan sumon gida ba ya kawo riba kai tsaye kamar sana'a, daga kuɗin da a da ake ba 'yan garuwa za a biya bashin. To a ware wannan kuɗi da gaske kullum, kada ya narke a cefane.

Na uku, asusun taimakon juna ba na inji ba ne. Na rashin lafiya ne da rasuwa da gobara. Idan aka kwashe shi yau, gobe wata ta kwana asibiti da yaro babu abin ba ta.

Ku kuma lura da lokaci. Idan zango ya kusa ƙarewa ana daina ba da rance domin a tattaro bashi kafin rabo. Ranar rabo kuwa dama ce: matan gida ɗaya da ke cikin ƙungiya na iya ware wani abu daga rabonsu su zuba a asusun sauya kaya tun kuɗin bai watse ba.

Wadda ba ta da hali

Kusan kowane gida akwai bazawara mai marayu, ko tsohuwa, ko wanda ciwo ya kwantar. A yi maganarsu tun farko, cikin sirri da mutunci. Ana iya tsawaita musu lokacin biya, ko sauran sassa su raba wani ɓangare na rabonsu, ko su ɗauki aikin kula da kunna inji da riƙe littafin masu ɗiba a madadin wani kaso. Wanda ke da hali ya ƙi biya kuwa, a kai maganar gaban dattijon gida ko mai unguwa. Amma ba na goyon bayan kulle wa kowa famfo. Yaran sashen ba su yi laifin komai ba, kuma idan suka koma shan ruwa marar tsafta, ciwon da zai shigo bai san sashe ba.

Inda za a ajiye kuɗin

Kuɗin inji kada ya gauraya da kuɗin ƙungiya, domin ba duk 'yan gida ne 'yan ƙungiya ba. Jaka daban, littafi daban. Mu ɗauki darasin akwatinmu mai kwaɗo uku: mai ajiye akwati daban, masu makulli uku daban. Haka a nan, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kuma kada su fito daga sashe ɗaya.

Tunda wannan asusu shekaru zai yi, idan ya fara kauri a kai banki, a asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire. Kada a zuba a asusun wayar mutum ɗaya komai amanarsa, don in ya rasu ko ya yi tafiya ba mai iya cirewa, kuma magadansa za su iya ɗauka nasa ne. Waɗanda suka ga canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sun san wahalar da masu tsabar kuɗi a gida suka sha. Duk wata uku a karanta wa kowa abin da ke ciki. Kuma ba a ba da rance daga wannan asusu, ko ga wa. Ranar da inji zai mutu ba ya sallama.

Ranar saye da bayanta

Mutum biyu daga sassa daban su je tare da mai gyara. A karɓi rasit mai sunan shago da lambar inji, a tambayi garanti, wata nawa ne kuma me ya ƙunsa, a rubuta. Araha ba ta ado: inji na hannu ba shi da garanti, idan za a saye shi a gwada shi cikin ruwa a gabanku. Mai aiki a ba shi rabin kuɗinsa, cikon sai ruwa ya hau tanki an ga yana zuba kwana biyu ko uku.

Bayan nan a kare abin da aka saya. Idan wuta ta zo da rauni kada a kunna, ko a sa na'urar daidaita wuta. Kada a ɗora shi kan ƙaramin janareta, don wutar da inji ke ja lokacin tashi ta ninka wadda yake ja yana cikin aiki. A sa maƙunnin da ke kashe shi da kansa idan tanki ya cika. Mutum ɗaya ko biyu kawai ke kunnawa, a lokutan da aka sani, ba yara ba. Da an ga ruwa na yankewa ko yana fitowa da yashi, a kashe a kira mai gyara.

Abin da za a rubuta a yarjejeniya

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta wanda ya mallaki inji, hanyar rabo, abin da kowane sashe zai bayar a wata da ranar biya, sunan mai riƙe kuɗi da mai rubutu, da yawan mutanen da sai sun yarda kafin a taɓa asusun. A rubuta cewa wanda ya tashi daga gidan ba a mayar masa da abin da ya zuba, domin kuɗin ruwan da ya riga ya mora ne, wanda ya shigo kuma zai fara daga watan da ya tare. A sa ranar sake ƙirga mutane da duba farashi. Kowane sashe ya sa hannu ko ya dangwala, a karanta da ƙarfi saboda waɗanda ba sa karatu.

Aikin taro mai zuwa

Kowace ta zo da amsar tambayoyi uku. Wane kaya ne a gidanku ko a sana'arku ta tarayya idan ya mutu yau kowa zai shiga wahala? Nawa ne sabonsa a kasuwa a makon nan? Idan aka kasa kuɗin a wata 60, nawa zai faɗa kan sashenki? Wadda lissafin ya ba ta wuya ta zo da alƙaluman kawai, sakatariya da masu ƙidayar kuɗi za su taya ta a allo bayan an rufe akwati. Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa.